Maganin Ido Mai Haɗi Biyu: Garin Neman Gira Kada Mu Rasa Ido

A kakar da ta wuce, muna zagayen ƙungiyoyin manoma, muka sauka a wani ƙauye ran da ake sussukar dawa. Muka tarar da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyar yana zaune a gindin tsamiya, ya ɗaure idonsa na dama da ƙyalle. Muka ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Karmami ne ya shafe ni a ido ina yankan dawa, yau kwana 9." Ya ce a ranar ya aiki yaro kasuwa, aka sayo masa maganin ɗigawa. Da ya ɗiga sau biyu zafin ya kwanta, jan ya ragu, har ya koma gona yana sa wa mai maganin albarka. Daga rana ta biyar sai ciwon ya komo, ya fi na da.

Muka roƙe shi ya kwance ƙyallen. A tsakiyar baƙin idon akwai farin tabo kamar ƙwayar gero. Ya zaro mana kwalbar daga aljihu. A jikinta an rubuta sunaye biyu, neomycin da dexamethasone. Kashegari ƙungiya ta haɗa kuɗin mota, aka kai shi asibitin ido. Likita ya ce fumfuna ce ta shiga wurin da ganyen ya karce, maganin da ya ɗiga kuwa ya ba ta sarari ta ci gaba. Ya yi makonni yana jinya. An ceci ƙwayar idon, ba a cire ba, amma hakiya ta rufe shi. Yau haske da duhu kaɗai yake rarrabewa da wannan ido. Dawarsa kuma sai da 'yan ƙungiya suka yi gayya kafin ta shiga rumbu.

'Yan'uwa manoma, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Irin wannan kwalba tana cikin gidajenmu da yawa, a kan taga ko cikin kwandon uwargida. Domin haka muka ga ya kamata mu yi magana a kanta dalla-dalla.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Magani biyu ne aka haɗa a kwalba ɗaya. Na fari antibayotik ne, watau mai kashe ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake kira bakteriya. Sunayen da za ku gani a jikin kwali su ne neomycin, polymyxin B, tobramycin, gentamicin, chloramphenicol ko framycetin. Na biyu shi ake kira sitiroid, aikinsa kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi. Sunayensa dexamethasone, betamethasone, prednisolone, hydrocortisone ko fluorometholone. Ku lura da ƙarshen sunan. In ya ƙare da "sone" ko "lone", to akwai sitiroid a ciki. A shagon magani an fi sanin waɗannan haɗe-haɗe da sunayen kamfani, kamar Maxitrol, Betnesol-N, Tobradex da Sofradex, akwai kuma wasu da yawa masu araha.

Jikin mutum da kansa yana yin wani abu mai kama da sitiroid, a wasu ƙananan kaluluwa biyu da ke bisa ƙoda. A shekarar 1948 ne wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara ba mai ciwon gaɓoɓi irin wannan magani, ya kuma sami kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba da daɗewa ba likitocin ido suka soma aiki da shi. Ya ceci idanu masu yawa. Amma a cikin 'yan shekaru suka gane yana da haɗari in an yi aiki da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ga dalili. Sa'ad da cuta ta shiga ido, jiki yakan aika da jini da sojojinsa wurin su yi yaƙi da ita. Wannan shi ke kawo ja da kumburi da zafi. Kamar haushin kare ne da tsakar dare, yana sanar da maigida ɓarawo ya shigo. Sitiroid yakan rufe bakin karen, ya kuma ɗaure shi. Gida ya yi tsit, maigida ya koma barci, ɓarawo kuwa yana nan cikin garke. Mai haɗa maganin ya sa antibayotik domin ya kama ɓarawon, amma antibayotik iri ɗaya kaɗai yake iya kamawa, watau bakteriya. Ba ya taɓa fumfuna, ba ya kuma taɓa ƙwayar bairas. In ɗaya daga cikin waɗannan biyu ce ta shiga idon, mai ɗiga maganin ya ɗaure karensa ne kawai.

INDA MAGANIN YAKE DA AMFANI

Kada wani ya ce mun ce maganin mugu ne. A hannun likitan ido abu ne mai kyau ƙwarai. Bayan an yi wa mutum aikin yanar ido, sau da yawa shi ake ba shi na 'yan makonni, domin ya kwantar da kumburin aikin ya kuma tsare wurin daga cuta. Akan ba da shi ga wasu masu kumburin gefen fatar ido, da wasu irin ciwon farin ido waɗanda kumburi ya yi yawa a cikinsu. Akwai kuma kumburi na can cikin ƙwayar ido wanda in ba a sa sitiroid ba zai makantar da mutum.

Bambancin shi ne likita yakan duba kafin ya rubuta. Yana da wata 'yar takarda mai launin ruwan goro da yakan taɓa wa ido. In akwai karce ko gyambo a kan baƙin ido, wurin yakan fito kore shar a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Yana da madubi mai ƙara girma, da abin auna matsin ido. Mai shago a kasuwa ba shi da ko ɗaya. Shi jan ido yake gani, jan ido kuwa cututtuka dabam dabam ke kawo shi. Saboda haka ne aka sa wannan magani cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita.

DON ME MANOMI YA FI KOWA SHIGA HAƊARI

A gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashi, wadda haske ke ratsawa. Kaurinta wajen rabin milimita ne kawai. Muddin tana da lafiya, cuta ba ta iya ratsa ta da sauƙi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu manoma kullum muna cikin abin da ke tsaga wannan bango: ganyen dawa da na rake, ƙaiƙayin gero wajen sussuka da shiƙa, ɓuntun shinkafa, ƙaya wajen sassabe, da jelar saniya ga masu huɗa da shanu. Fumfuna tana zaune a jikin waɗannan abubuwa, irin wadda muke gani a masarar da ta sha danshi. In ta shiga wurin karcen, sai ta kafa gyambo a hankali cikin 'yan kwanaki.

Wani lissafi da masana suka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke kamuwa da gyambon ido na fumfuna kowace shekara a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi na Asiya da Afirka, ma'aikatan gona kuwa su ne a kan gaba. In aka ɗiga sitiroid a kan irin wannan gyambo, fumfunar takan nutsa ciki, fatar ta yi ta narkewa, har wani lokaci ta huje, ruwan ido ya tsiyaye. Idon da ya kai nan da wuya ya sāke gani.

Akwai kuma ƙwayar bairas ɗin nan mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Ita ma takan kama baƙin ido, ta yi siririn gyambo mai rassa kamar itace. Tana da maganinta na musamman. In aka sa mata sitiroid ba tare da wannan magani ba, siririn gyambon sai ya buɗe ya yi faɗi.

APOLO BA YA BUKATARSA

Kowa ya san Apolo. An fara ganinsa a Ghana a 1969, shekarar da 'yan sama jannati na jirgin Apollo 11 suka sauka a kan wata, daga nan sunan ya samo asali. Bairas ce ke kawo shi. Ido ya yi jawur, ya kumbura, ya yi ta hawaye, a cikin kwana biyu ya zagaye gida duka. Lokacin da ya shigo gari shi ne lokacin da aka fi sayen maganin nan mai haɗi biyu.

Gaskiyar magana ita ce Apolo yakan warke da kansa cikin mako 1 zuwa 2. Antibayotik ba ya kashe bairas ɗin. Abin da ake bukata shi ne a riƙa share kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗora sanyin tsumma a kan ido a rufe, a wanke hannu da sabulu, kowa ya riƙe tawul nasa da abin kwallinsa. Yawancin idanun da ke lalacewa a lokacin Apolo, abin da aka zuba musu ne ke lalata su: fitsari, ruwan sukari, ruwan batir, nonon uwa, ruwan ganye. Fitsari ma yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda kan huda ido cikin kwanaki kaɗan.

YARA MASU ƘAIƘAYIN IDO

Ga wani haɗari na biyu wanda ba ya zuwa da zafi. A ƙasarmu akwai yara da yawa, musamman maza, masu fama da ƙaiƙayin ido shekara da shekaru. Farin idonsu yakan koma ruwan ƙasa, suna ta murza shi, ya fi tsanani in ƙura ta tashi ko zafi ya yi yawa. Uwa ta ɗiga maganin nan sau ɗaya, ta ga yaro ya yi barci lafiya. Daga nan in kwalba ta ƙare sai a sayo wata, wata da watanni.

A cikin ido akwai ruwa da ke ɓuɓɓugowa kullum, yana fita ta wata 'yar magudana mai kama da rariya. Sitiroid in ya daɗe yakan toshe wannan magudana, kamar yadda ciyawa kan toshe kwata a lambu. Ruwa ya taru, matsi ya hau, ya danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce cutar gilakoma, wadda mutane kan kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Matsin ido mai lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita. Tun cikin shekarun 1960 bincike ya nuna cewa in mutane suka ɗiga sitiroid mai ƙarfi na mako 4 zuwa 6, wajen mutum 1 cikin 3 matsinsa zai hau, wajen 5 cikin 100 kuma zai hau ƙwarai. Yara sun fi manya saurin kamuwa, haka ma wanda ake da gilakoma a danginsa.

Muguntar wannan cuta ita ce ba ta ciwo a farko. Gani yakan fara raguwa ta gefe-gefe, yaro ya riƙa tuntuɓe, ana cewa rashin hankali ne. Kafin a farga jijiyar ta mutu, jijiyar da ta mutu kuwa babu aikin da ke komo da ita. Ban da wannan, sitiroid na dogon lokaci yana kawo yanar ido ga yaro ƙarami.

Babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta fari a cikin dalilan, gilakoma ta biyu. Binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na wannan makanta da an iya hana ta ko a warkar. Kayan ya riga ya yi mana nauyi, kada mu ƙara da hannunmu. Ƙaiƙayin idon yara yana da magunguna marasa wannan haɗari, kamar sodium cromoglicate da olopatadine. In ya yi tsanani likita yana iya ba da sitiroid na ɗan lokaci, yana auna matsin idon. Yawancin yaran kuma sukan rabu da ciwon in sun girma.

ƘYANDA DA JARIRAI

Yaro mai ƙyanda wanda ya ƙi buɗe ido, bitamin A yake bukata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba shi ƙwayar bitamin A a asibiti ran da aka gane cutar, a sāke ba shi kashegari. Sitiroid a idon irin wannan yaro yana iya hanzarta narkewar baƙin idon. Jaririn da bai kai wata 1 ba kuma, in idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya, a kai shi asibiti a ranar, tare da uwarsa, a kuma duba uban. Sau da yawa allura yake bukata. Babu abin ɗigawa na kasuwa da zai ishe shi.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

In ido ya yi ja, kuma akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi asibiti a ranar, kada a ɗiga kome mai sitiroid:

1. Wani abu ya soki idon ko ya karce shi, musamman ganye, kara, ƙaya ko ƙaiƙayi.
2. Gani ya ragu. A rufe ido mai lafiya da tafin hannu a gwada ƙirga yatsu daga nesa.
3. Akwai farin tabo ko hazo a kan baƙin ido.
4. Zafi mai tsanani, ko mutum ba ya iya duban haske.
5. Ido ɗaya kaɗai ne ya yi ja, ya kwana biyu bai yi sauƙi ba.
6. Ciwon kai da amai tare da jan ido.

In maganin feshi, takin zamani ko farar ƙasa ya fantsama a ido, ko maciji mai tofi irin kumurci ya tofa wa mutum, a fara da wankewa nan take da ruwa mai tsabta mai yawa, a yi ta zubawa har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. In wani abu ya kafe a ƙwayar ido, kada a ciro shi, kada a murza.

IN LIKITA YA RUBUTA MAKA

Wanda likitan ido ya ba wannan magani, ya yi aiki da shi ba tare da tsoro ba, amma ya kiyaye waɗannan:

1. Ka wanke hannu da sabulu. In maganin fari ne kamar madara, ka girgiza kwalbar sosai.
2. Ka ɗaga kai sama, ka ja fatar ido ta ƙasa, ka ɗiga ɗigo 1. Ido ba ya riƙe fiye da haka, na biyu asara ne.
3. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido, gashin ido ko yatsa.
4. Ka rufe ido, ka danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti 1 ko 2, domin maganin kada ya gangara maƙogwaro.
5. In an ba ka magani biyu, ka bar minti 5 tsakaninsu. Mai kama da man shafawa shi ne na ƙarshe.
6. In bayan kwana 2 babu sauƙi, ko ciwon ya ƙaru, ko fatar ido ta soma kumburi da ƙaiƙayi, ka koma. Wasu mutane jikinsu ba ya shiri da neomycin.
7. In za ka wuce kwana 10 kana ɗigawa, lalle a auna matsin idonka.
8. In ka daɗe a kansa, kada ka yanke rana ɗaya. Likita zai nuna maka yadda za ka rage a hankali.
9. Ka rubuta ranar da ka buɗe kwalbar a jikinta. Bayan mako 4 ka yar da ita ko da saura.
10. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ka gaya wa likita in kana da ciwon sukari, ko akwai gilakoma a gidanku, mace kuma ta faɗa in tana da ciki.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi wuya a wurinmu, gama mu mutane ne masu taimakon juna: kada ka ba maƙwabci ragowar maganinka. Kakar da aka yi wa aikin yanar ido ta ji daɗin maganinta, jikanta ya dawo daga gona da jan ido, ta ɗiga masa don ƙauna. Ciwonta dabam, nasa dabam.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta ɗauki wannan magana a taronta na gaba. Kowa ya zo da kwalaben maganin ido da ke gidansa. Sakatare ya karanta sunayen da ke jiki. Duk wadda ke da sitiroid, kuma ba likita ne ya rubuta ta don ciwon da ake ciki yanzu ba, a zubar da ita a shadda, haka ma wadda ta wuce mako 4 a buɗe. A gayyaci ma'aikacin lafiya na yankin ya zo ya yi bayani. A gayyaci zumuntar mata su ma, gama su ke shiƙa, su ne kuma ke ɗiga wa yara magani.

Sa'ad da ake sayen taki da iri a dunƙule, a haɗa da tabarau na kāre ido, irin na roba mai rufe gefe, domin masu sussuka, masu aiki da injin casa da masu feshi. Wajen shiƙa a juya wa iska baya, a kuma kawar da yara daga inda ƙaiƙayi ke sauka.

A keɓe wani abu a asusun ƙungiya domin kuɗin motar gaggawa. Dattijon da muka ba da labarinsa ya gaya mana abin da ya hana shi tafiya ran fari shi ne kuɗin mota da kuma dawar da ke jiran yanka. Abin da ya kashe daga baya ya ninka wancan sau da yawa. In ɗan ƙungiya ya san za a ranta masa kuɗin mota, a kuma yi masa gayya, ba zai tsaya a shagon kasuwa ba. Shugabanni su binciko tun yanzu wane asibiti mafi kusa ne yake da sashen ido, da ranakun da likita ke zama. Ga manyan matsaloli akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

Da muka koma ƙauyen nan bayan wata biyu, mun tarar da dattijon yana saƙar zana da ido ɗaya. Ya ce mu gaya wa sauran ƙungiyoyi abin da ya same shi, shi ya sa muka rubuta. Ya ƙara da cewa yanzu ba ya shiga gonar dawa sai da tabarau, gama ɗayan da ya rage ba shi da mataimaki.

Kaka tana tafe. Mu roƙi Allah ya ba mu girbi mai albarka, mu kuma mu kiyaye idanun da za mu gan shi da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.